Tabaran VR da Jikin Aro: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar da na fara ɗaura tabaran VR, wani falanki aka shimfiɗa a ƙasa aka ce in taka. Da idona na ga yaron wurin ya ajiye shi a kan siminti. Amma tabarau na rufe mini fuska sai ga ni a ƙolin wani dogon bene, falankin ya miƙe waje babu abin dafawa, motoci can ƙasa kamar tururuwa. Gwiwoyina suka yi sanyi, tafin hannuna ya jiƙe, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Yaron yana ta cewa, "Baba, taka kawai, ƙasa ce." Ni ma na san ƙasa ce, jikina ne ya ƙi yarda. Tun daga ranar nake bibiyar abin da masana suka gano game da wannan lamari, kuma ga tambayoyin da aka fi yi mini a kai.

Mene ne VR ɗin ma tukuna?

Tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a ka ya rufe idanu ruf. A cikinsa kowane ido yana da nasa hoton, da ɗan bambanci kaɗan tsakaninsu, shi ya sa abu yake fitowa da zurfi kamar a zahiri. Akwai na'urori a ciki da ke bin motsin kai: ka waiwaya dama, duniyar da ke ciki ta juya daidai yadda ta gaske za ta juya.

Abin ya daɗe. Ivan Sutherland ya haɗa irinsa na farko a Amurka a 1968. Ya shigo hannun jama'a ne bayan da kamfanin Oculus ya fito a 2012, Facebook ya saye shi a 2014 kan kusan dala biliyan 2. A 2014 ɗin Google ya fitar da na kwali, wanda ake zura waya a ciki, Apple kuma ya kawo nasa kasuwa a 2024 kan dala 3,499.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, a wasu manhajojin idan ka sunkuya ka duba inda jikinka yake, wani jiki daban za ka gani, wanda kwamfuta ta zana, yana motsi yadda kake motsi. Shi nake kira jikin aro a nan.

Ai kowa ya san jikinsa. Ta yaya hoto zai rikita wannan?

Nan ne gindin maganar. Muna ɗauka sanin jiki abu ne tsayayye da aka haife mu da shi, alhali ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa shi a kowane lokaci daga labaran da ke iso mata. Ido yana kawo nasa. Fata tana kawo nata. Tsoka da gaɓoɓi suna sanar da ita inda hannu da ƙafa suke ko da ido a rufe, shi ya sa kake iya kai loma baki cikin duhu. Can cikin kunne kuma akwai wani ma'auni mai ruwa da ke faɗa mata ko kana tsaye, ko ka karkata, ko kana juyawa. Idan labaran nan suka zo baki ɗaya, sai ta yanke cewa wannan jikin nawa ne, ga iyakarsa, ga inda yake.

Kowa ya taɓa ganin lokacin da lissafin ya kuɓuce. Wanda aka yi wa allurar kashe zafi wajen cire haƙori yakan ji leɓensa ya kumbura suntum, ya duba madubi ya ga ba komai. Matar da ta saba tallar kaya a ka tana sunkuyawa a bakin ƙofa daidai tsawon kayan, ba ta auna ba. Direban da ya saba da motarsa yakan takure kafaɗa idan zai ratsa lungu, kamar shi ne zai gogu. Makaho yana jin tsakuwa a bakin sandarsa, ba a tafin hannunsa ba. Iyakar jiki tana faɗaɗa tana tsukewa kullum, ba mu dai lura ne.

Akwai wani Baturen Ingila, Ian Waterman, wanda a 1971, yana ɗan shekara 19, ciwo ya lalata masa jijiyoyin da ke kai labarin taɓawa da na mazaunin gaɓoɓi daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa lafiya lau, amma ya kasa sarrafa ta. Da ido ya sake koyon zama da tafiya, yana kallon kowace gaɓa kafin ya motsa ta, kuma idan aka kashe fitila ba zato sai ya faɗi. Labarinsa yana nuna irin nauyin da ido ke iya ɗauka. Idan kuwa ido da sauran suka saɓa a kan inda gaɓa take, galibi ido ne ke rinjaye. Gani ya kori ji, kamar yadda ake faɗa, kuma tabaran VR ido yake kamawa gaba ɗaya.

Ina jin ana maganar hannun roba. Mene ne alaƙarsa da VR?

Shi ne tushen binciken. A 1998 Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Mutum zai zauna ya ɗora hannunsa a tebur, a ɓoye hannun bayan wani allo, a ajiye hannun roba a gabansa inda yake gani. Sai a riƙa shafa hannayen biyu da buroshi a lokaci guda, a yatsa guda. Ba a jima ba sai mutum ya fara jin shafar daga hannun robar take zuwa. In an ce ya rufe ido ya nuna inda hannunsa na gaske yake, sai ya nuna kusa da na robar.

Ana iya gwadawa a gida. A samu safar hannu ta roba a cusa mata tsumma ko auduga, a tsayar da kwali tsakanin ta da hannun gaske, a yafa mayafi daga kafaɗa zuwa gindin safar, a samu buroshi biyu. Sharaɗin shi ne shafar ta zo daidai. Idan ɗaya ta riga ɗaya ko da da ɗan kaɗan ne, abin yakan watse. Wasu suna ji cikin ƙasa da minti ɗaya, wasu kuma ba sa ji ko kaɗan, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau.

Abin da VR ya ƙara shi ne ba a buƙatar buroshi. Ka ɗaga hannu, hannun aro ya ɗagu nan take, wannan daidaituwar kaɗai ta isa.

To hannu ke nan. Ana iya yi da jiki sukutum?

An yi. Henrik Ehrsson na cibiyar Karolinska da ke Suwidin ya fi kowa suna a nan. A 2008 shi da Valeria Petkova suka ɗaura kyamara biyu a kan mutum-mutumi irin wanda ake rataya wa kaya a kanti, kyamarorin na kallon cikinsa. Hoton yana zuwa tabaran da ke fuskar wanda ake gwadawa, don haka in ya sunkuya, cikin mutum-mutumin yake gani a mazaunin nasa. Aka riƙa shafa cikin biyu da sanda lokaci guda. Daga baya aka kawo wuƙa kusa da cikin mutum-mutumin, na'urar da ke auna gumin hannu ta nuna mutanen sun razana. Da aka sa wani abu mai siffar akwati a madadin mutum-mutumin, abin bai kama ba. Ƙwaƙwalwa tana karɓar jikin aro, amma sai ya yi kama da jiki.

A cikin gwajin nan har an sa mutum ya gaisa da jikinsa na ainihi, yana kallonsa daga idon wani. Wannan ɓangaren ya daɗe yana tsaya mini a rai.

A Basalona ta ƙasar Sifaniya kuma, Mel Slater da Maria Sanchez-Vives suka mayar da irin wannan gwaji cikin duniyar da kwamfuta ta zana. A 2010 sun sa maza a jikin wata yarinya, kuma da aka nuna ana marin yarinyar, bugun zuciyar waɗanda suka kalli duniya daga idonta ya sauya kamar na wanda abin ya shafa.

Idan jikin aron ya fi nawa girma ko ƙanƙanta fa?

Duniyar ce za ta sauya girma a idonka. A 2011 tawagar Ehrsson ta kwantar da mutane ta nuna musu, a mazaunin ƙafafunsu, ƙafafun 'yar tsana mai tsawon santimita 30 ko 80, wani lokaci kuma na ƙaton mutum-mutumi mai mita 4. Waɗanda suka karɓi jikin 'yar tsana sun ga abubuwa sun ƙara girma da nisa, har yatsan mai binciken ya zama musu kamar na ƙato. Masu jikin ƙato kuma suka ga komai ya ƙanƙance ya matso. Da jikinmu muke awon duniya, kamar yadda ake awon yadi da kamu.

A 2013 Domna Banakou da abokan aikinta a Basalona suka sa manya a jikin yaro ɗan shekara 4, wasu kuma a jikin babba da aka rage wa tsawo zuwa na yaron. Tsawon ɗaya ne, amma masu jikin yaro sun fi ganin abubuwa da girma. Ke nan siffar jikin ma tana aiki, ba tsawonsa kaɗai ba. A wani gwajin na 2012 an riƙa ƙara wa hannun aro tsawo a hankali, mutane suka ci gaba da jin nasu ne har ya ninka sau 3. Sai da ya kai ninki 4 abin ya fara warwarewa.

Yana taɓa hali, ko a ji kawai ya tsaya?

Yana taɓawa, ko da yake ba kamar yadda masu talla ke kururutawa ba. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na jami'ar Stanford suka ba wasu jikin aro dogo, wasu gajere, suka sa su cinikin raba kuɗi. Masu dogon jiki sun fi jan rabon zuwa gefensu, gajerun sun fi karɓar tayin da aka ƙware su. Waɗanda aka ba kyakkyawar fuska sun fi matsawa kusa da baƙo, sun fi sakin baki. Suka raɗa wa abin sunan Proteus, wani mai rikiɗa a tatsuniyoyin Girkawa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Daniel Freeman a Oxford, 2014. Mata 60 suka shiga jirgin ƙasan Landan na cikin VR sau biyu. A ɗaya tafiyar an rage musu tsawo da santimita 25 ba a faɗa musu ba. Da yawansu ba su gane abin da aka canza ba, amma sun fito suna jin sun raina kansu, suna kuma zargin fasinjojin da kallon banza, alhali fasinjojin hoto ne kawai da ba a sa wa wani nufi ba.

Duk wanda ya taɓa sanya babbar riga da hula ranar Salla ya san yadda tafiyarsa ke sauyawa. Tufa na yin haka, balle jiki.

An ce yana rage wariyar launin fata, yana sa tausayi. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, amma a yi hattara. A 2013 Tabitha Peck da tawagar Slater suka sa fararen fata a jikin baƙar fata na 'yan mintuna, kuma gwajin saurin danna maɓalli a kwamfuta da ake auna ɓoyayyen ƙyamar baƙar fata da shi ya nuna raguwa. Wani bincike na 2016 ya ga raguwar tana nan bayan mako guda. Sai dai tun a 2009 wani gwaji a Stanford ya sami akasin haka, ƙyamar ƙaruwa ta yi. Kuma saurin danna maɓalli a kwamfuta daban, yadda mutum zai mu'amalanci maƙwabcinsa daban.

Akwai kuma aikin Sofia Seinfeld na 2018 a yankin Kataloniya na Sifaniya. Mazan da aka kama da laifin cin zarafin matansu an sa su a jikin mace, wani ƙato yana matsowa yana daka mata tsawa. Bayan haka sun fi iya gane tsoro a fuskar mace, abin da a da suke kuskurewa. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ina murna da shi. Amma minti goma a cikin jikin wani ba ya ba mutum shekarun da mai jikin ya yi yana ɗauke da shi, kuma ba na son a sayar wa mutane tabarau a matsayin gajeriyar hanyar gyaran zuciya.

Anya mutanen ba biye wa masu binciken kawai suke yi ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma masana kansu suna gardama a kai. Peter Lush na jami'ar Sussex ya nuna a 2020 cewa mutane suna iya hasashen abin da ake so su ji tun kafin a fara gwajin hannun roba, kuma waɗanda suka fi saurin karɓar cusa tunani su suka fi ba da rahoton sun ji. Ehrsson da wasu sun mayar masa da martani cewa bambancin shafa daidai da shafa a saɓe yana nan daram. Abin da na ɗauka shi ne, jin na gaske ne, amma tsammanin mutum yana ƙara masa ƙarfi. A kuma tuna cewa yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne da mutane 'yan gomomi, galibi ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka.

Wane amfani yake da shi a asibiti?

A nan ne na fi ganin alherinsa. Yawancin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna ci gaba da jin gaɓar tana nan, kuma da yawa tana yi musu ciwo: wani ya ji yatsun sun dunƙule farce na huda tafi, wani ya ji ƙafar na ci da wuta. Wanda ya yi jinyar mai ciwon suga ko wanda hatsarin babur ya raba da ƙafa ya san wannan kuka. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Taswirar gaɓar ce ta rage a ƙwaƙwalwa bayan gaɓar ta tafi.

A shekarun 1990 likita V. S. Ramachandran ya gwada akwati mai madubi a tsakiya. Majinyaci zai sa hannunsa mai lafiya, ya kalli hotonsa a madubi a daidai inda yankakken ya kamata ya kasance, ya buɗe yatsu. Wasu sun ji dunƙulen ya saki. A 2016 Max Ortiz-Catalan a Suwidin ya wallafa gwaji a mujallar Lancet da majinyata 14 da sauran magunguna suka gaza musu. An manna na'urori a dungun hannun suna karanta motsin tsoka, majinyaci yana ganin hannun aro a allo yana bin umarninsa. Bayan zama 12 ciwon ya ragu da kusan rabi. Abin lura ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne madubi bai kai kuɗin tabarau ba, kuma likitocin gashin ƙashi sun san da wannan hanya. A tambaye su.

Ga masu ƙuna kuma, Hunter Hoffman da David Patterson a birnin Seattle sun ƙirƙiro wata duniyar ƙanƙara da majinyaci ke shiga yana jifa da dunƙulen dusar ƙanƙara yayin da ake wanke masa ciwo, lokacin da ya fi kowane azaba. Majinyata sun ce zafin ya ragu sosai, domin hankali ya tafi wani wuri. A Ostareliya, a 2015, an sa wa masu ciwon wuya tabarau aka rage musu abin da suke gani na juyawar kansu. Sun juya fiye da yadda suka saba kafin ciwon ya taso. Da aka ƙara, ciwon ya riga lokacinsa. A Nuwamban 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani shirin VR na mako 8 don ciwon baya mai naci.

Masu ƙin siffar jikinsu fa? Yana taimaka musu ko yana ƙara musu?

Duka biyun suna yiwuwa, ya danganta da hannun da yake ciki.

Akwai cutar da mutum, galibi budurwa, ke ƙin abinci saboda tsoron ƙiba, tana ramewa har ƙashi amma tana ganin kanta lukuta. A 2016 Anouk Keizer a jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta sa irin waɗannan majinyata a jikin aro mai matsakaicin kauri, ana shafa musu ciki. Bayan sun cire tabarau, ƙiyasin da suke yi wa faɗin kafaɗunsu da ƙugunsu ya matso kusa da gaskiya, kuma sauyin yana nan bayan fiye da awa 2. Ba waraka ba ce, amma ta nuna hoton da ya maƙale a ƙwaƙwalwa yana iya motsawa. Giuseppe Riva a Italiya ya shafe shekaru tun daga 1990 da wani abu yana aiki a wannan fanni.

Ɗaya gefen shi ne yake damuna. Mun riga mun ga abin da tacen fuska na Snapchat da TikTok ke yi: yarinya ta saba da fuskar da aka haskaka, aka siranta hanci, har ta daina son hotonta na gaskiya, wata ma ta kai ga man bilicin. Wancan hoto ne da take kallo daga waje. A VR kuwa zama take yi a cikin jikin, ta sunkuya ta gan shi, ta ɗaga hannu ya ɗagu, awa bayan awa. Sannan ta cire tabarau ta haɗu da madubi. Kuma jikunan da ake ba mutum ya zaɓa, kamfanoni ne suka zana su bisa abin da su suke ganin kyau ne. Wanda ya san yana fama da ƙin jikinsa, ko iyayen da suka ga alamar haka ga ɗiyarsu, kada su ɗauki wannan wasa ne kawai.

Me ya sa nake jin jiri da tashin zuciya?

Ido ya ce kana gudu, ma'aunin cikin kunne ya ce kana zaune. Saɓanin ne ke kawo jiri, gumi mai sanyi da amai. Juyin abin da ke faruwa ne ga mai karatu a cikin mota, inda kunne ke jin tafiya ido kuma yana kan takarda. Akwai kuma gajiyar ido, domin allon yana nisa guda amma ana sa idanu su bi abu na kusa da na nesa.

A fara da minti 10 zuwa 15, a zaune. A zaɓi manhajar da ba ta tafiya da mutum. A daidaita tazarar gilasan biyu da tazarar idanu, yawancin tabarau suna da wurin gyara wannan. Da an ji zuciya ta fara tashi a cire, kada a daure, domin dauriya ƙara shi take yi. Kuma kada a hau babur ko a ja mota sai jiki ya dawo daidai.

Na cire tabarau na ga hannuwana kamar ba nawa ba. Na samu matsala ne?

Yawanci a'a. Ƙwaƙwalwa ta daidaita kanta da hannun aro, tana buƙatar ɗan lokaci ta komo, kamar wanda ya sauka daga kwale-kwale yake jin ƙasa na lilo. Wani bincike a jami'ar Bonn ta Jamus a 2022 ya kwatanta masu wasa da tabarau da masu wasa a allon kwamfuta. Masu tabarau sun fi jin baƙunta da jikinsu da kewayensu da zarar sun gama, amma abin bai daɗe ba. Wanke hannu da ruwan sanyi, fita waje, taɓa abubuwa, duk suna taimakawa. Idan ya kwana ya wuni bai tafi ba, ko mutum dama yana da larurar ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya, to a ajiye tabarau a ga likita.

Idan wani ya taɓa jikin arona ba da izinina ba, ai ba komai ba ne tunda hoto ne?

Wanda ya fahimci gwajin wuƙa da mutum-mutumi ba zai ce ba komai ba ne. Jikin da ya razana don an nuna wa roba wuƙa zai razana idan baƙo ya kai hannu ƙirjin jikin da yake zaune a ciki. Wasu da suka daɗe a dandalin haɗuwa irin su VRChat ma suna cewa suna jin ɗumi ko tsikar jiki a inda aka taɓa jikin aron. Bayan ƙorafe-ƙorafen mata da aka ci wa zarafi, kamfanin Meta, mai Facebook, ya sa wata katanga marar ganuwa a dandalinsa a Fabrairun 2022, mai hana wani matsowa fiye da kusan ƙafa 4. A farkon 2024 jaridun Birtaniya suka ruwaito 'yan sanda na binciken ƙarar wata yarinya da aka yi wa irin wannan a cikin wasa. Ba a taɓa fatarta ba, amma tsoron da ta ji a jikinta ta ji shi. Wanda aka yi wa haka ya cancanci a saurare shi, ba a yi masa dariya ba.

Yara za su iya sanyawa?

Sony ya ce tabaransa ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne, Apple ya ce 13, Meta ya sauko daga 13 zuwa 10 a 2023 bisa kulawar iyaye. Waɗannan iyakokin kamfanoni ne masu son ciniki, ni kuwa na fi karkata ga jinkiri. Jikin yaro yana girma, taswirarsa a ƙwaƙwalwa ma ba ta gama zama ba. A 2009 a Stanford an nuna wa yaran firamare hoton kansu a VR suna iyo da manyan kifayen teku, daga baya wasunsu suka riƙa ba da labarin kamar ya faru da su. In dai za a bar yaro, to na ɗan lokaci, babba na kusa yana ganin abin da yake gani a allon waya, kuma ban da dandalin da baƙi ke shiga.

Wanda ya ziyarci Ka'aba ta tabarau, ya yi ɗawafi ke nan?

Tambayar ta taso da gaske. A ƙarshen 2021 hukumomin masallacin Harami suka ƙaddamar da shirin ganin Hajarul Aswad ta VR, kuma a farkon 2022 hukumar harkokin addini ta Turkiyya ta bayyana cewa irin wannan ziyara ba ta zama aikin Hajji, sai ƙafa ta taka wurin. Amfaninsa yana wajen bita: maniyyaci ya ga inda ake fara ɗawafi, ya ga Safa da Marwa, ya san hanya kafin ya shiga cunkoso.

Akwai wani abu da tabarau ke ɗauka daga jikina?

Motsinka. Don ya yi aiki dole ya riƙa rubuta inda kanka da hannayenka suke sau da yawa a kowane daƙiƙa, wasu har da inda ƙwayar ido ke kallo. Yadda mutum ke motsi kuwa nasa ne shi kaɗai, kamar yadda ake gane ɗan'uwa daga nesa ta tafiyarsa. A 2023 masu bincike a jami'ar Berkeley suka tattara motsin 'yan wasa sama da 55,000 na wani wasan VR, kuma da motsin daƙiƙa 100 kacal kwamfuta ta gane mutum daidai a kashi 94 cikin 100. Sauya suna ko sauya jikin aro ba ya ɓoye wannan. Kafin a buɗe sabuwar manhaja a duba izinin da take nema, a kashe bin ƙwayar ido da na fuska idan ba a buƙatarsu, kuma tabaran wurin wasa na haya kada a shiga da asusun kai a cikinsa.